Yadda ake cewa "da na saya" da Sifaniyanci: sarrafa aikatau a sigar condicional

Bahaushe in yana so ya faɗi abin da bai faru ba, amma da hali ya yi da ya faru, 'yar kalma guda yake ɗauka ya jefa ta sau biyu: da ina da kuɗi, da na sayi mota. Mutumin Sifaniya ba shi da irin wannan "da" ɗin. Shi aikatau yake liƙa wa ɗafa-ƙeya, wato ƙari a ƙarshen kalma, sai comprar, wato saye, ya koma compraría, da na saya. Sunan wannan siga condicional simple. In littafin da kake karatu da shi daga Meziko ya fito, za ka iya ganin an rubuta pospretérito, sunan da masanin nahawu Andrés Bello ɗan Benezuwela ya yi amfani da shi a littafinsa na 1847. Tsofaffin littattafai kuma potencial suke cewa. Duk kanwar ja ce.

A ganina babu sigar da ta kai ta sauƙin ginawa a duk harshen. Kafin shayinka ya huce ka haddace ta. Wahalar tana wajen sanin inda za a sa ta, domin abin da Hausa ta raba wa "da", "zai", "don Allah" da "wai", Sifaniyanci ya tattara shi ya ɗora wa siga ɗaya. Saboda haka zan bi ginin da sauri, in zauna a kan aikin.

Mataki na farko: kada ka yanke komai

Buɗe ƙamus ka ɗauko aikatau yadda yake, da cikarsa. Zai ƙare da -ar, -er ko -ir. Mu riƙe guda uku: comprar, saye, vender, sayarwa, vivir, zama a wuri ko rayuwa. Wanda ya ɗan jima yana koyon harshen hannunsa ya saba da datsa, tunda kafin a ce compro ko compras sai an cire -ar tukuna. A nan mayar da wuƙarka kube. Aikatau ɗin gaba ɗayansa shi ne tushen da za a yi gini a kai.

Abu ɗaya kawai ake cirewa, shi ne -se da ke maƙale a wutsiyar aikatau irin su levantarse, tashi. Wannan -se ɗin sai ta dawo gaba ta bi mai aikin: me levantaría, da na tashi, se levantaría, da ya tashi.

Mataki na biyu: liƙa ɗafa-ƙeya

Guda shida ne, kuma su ɗin ne ga kowane aikatau, ba ruwansu da ko -ar ne ko -ir: -ía, -ías, -ía, -íamos, -íais, -ían. Ga su a jikin comprar:

yo compraría, da na saya
tú comprarías, da ka saya ko da kin saya
él, ella, usted compraría, da ya saya, da ta saya, ko da kun saya in ana girmama mutum ɗaya
nosotros compraríamos, da mun saya
vosotros compraríais, da kun saya
ellos, ellas, ustedes comprarían, da sun saya ko da kun saya

Vender haka yake tafiya: vendería, venderías, vendería, venderíamos, venderíais, venderían. Vivir ma haka, daga viviría har vivirían. Ba sabon abu.

In haddar ta ƙi zama, ga dabara. Ɗauki shuɗaɗɗen lokaci na aikatau haber: había, habías, había, habíamos, habíais, habían. Cire hab- daga kowanne, abin da ya rage su ne ɗafa-ƙeyan nan shida. Ba dace aka yi ba, asalin abin ke nan. A Latin ɗin da talakawa suke yi, kalmomi biyu ne a jere, cantare habebam, ma'ana kusan "ina da waƙar da zan yi a lokacin". Yau da gobe baki ya cinye tsakiya, suka manne suka zama cantaría.

Ka lura da na farko da na uku, siffarsu ɗaya. Compraría kaɗai ba ta gaya maka ni ne ko shi ne ko ita ce. Shi ya sa, duk da masu harshen sun saba jefar da wakilin suna, a nan sukan dawo da shi in akwai ruɗani: yo compraría pan, pero ella compraría arroz, ni da burodi zan saya, ita kuwa shinkafa. Vosotros kuma a Sifaniya ake jin ta. A Latin Amurka ustedes comprarían ake cewa ko da yara ake magana. In da mutanen can za ka yi hulɗa, gane compraríais in ka gan ta a rubuce ya wadatar. Mutanen Ajantina da suke cewa vos maimakon tú ba su sauya komai a nan ba, vos comprarías suke cewa.

Mataki na uku: alamar kan í da furuci

'Yar sandar nan da ke kan í ba ado ba ce. Tana cewa a nan nauyin murya yake, kuma i da a gaɓa biyu ne daban: kom-pra-RI-a, kom-pra-RI-a-mos. Dukkan shidan suna ɗauke da ita, ba a ɗauke wa ko ɗaya ba. Wani lokaci ita kaɗai ce ke raba kalmomi biyu: sería na nufin da ya zama, seria kuwa mace ce marar wasa. A waya, danne harafin i ka ɗan riƙe, í za ta fito, kamar yadda muke lalubo ƙ da ɗ. Akwai 'yan aikatau da suke da alamar tun a ƙamus, kamar oír, ji, da reír, dariya. Su tasu takan faɗi, ta ɗafa-ƙeya ta tsaya: oiría, reiría.

Ga wani tarko da bakinmu ne yake haƙa mana shi. Hausa ba ta son baƙaƙe biyu a jere a farkon gaɓa, dole sai ta cusa wasali a tsakani, shi ya sa muke cewa burodi da firamare. In ka yi wa compraría haka, ka ce kom-pa-ra-RI-a, ka faɗi wata kalma dabam wadda take da ma'anarta: compararía, da na kwatanta. Mai kanti zai tsaya yana jiran ya ji me za ka kwatanta da me. Maganinsa ka riƙa maimaita pra, pra, pra da sauri har p da r su fito da numfashi ɗaya. Ita r ɗin bugu ɗaya ce da kan harshe, irin ta cikin "karatu", ba a kaɗa ta.

Mataki na huɗu: tabbatar aikatau ɗin mai bin ƙa'ida ne

A nan harshen ya yi mana adalci. Aikatau da suka fi kowa taurin kai a sauran lokuta, a wannan siga lafiya lau suke: ser ya ba da sería, ir ya ba da iría, estar estaría, dar daría, ver vería. Waɗanda suke sauya tushe goma sha biyu ne, kuma su ne dai masu sauyawa a lokaci mai zuwa. Biyar suna zubar da e: habría daga haber, podría daga poder, sabría daga saber, cabría daga caber, querría daga querer. Biyar suna sa d a gurbin wasalin: tendría daga tener, pondría daga poner, saldría daga salir, vendría daga venir, valdría daga valer. Biyu sun gajarce: haría daga hacer, diría daga decir. 'Ya'yansu suna bin sahunsu, mantener ya zama mantendría, suponer ya zama supondría. Ɗafa-ƙeyan dai ba su taɓa sauyawa.

Cikinsu akwai ɗaya da ya taɓa kunyata ni. Wani abokin karatu yana da tsohon babur da yake ta cewa zai rabu da shi, na rubuta wa mai son saye cewa dijo que vendría el sábado. Nufina ya ce zai sayar ranar Asabar. Mutumin ya share rabin yini yana jiran baƙo, domin vendría daga venir take, zuwa. Ta sayarwa vendería ce, da e a tsakiya. Wasali ɗaya ya raba zuwa da sayarwa.

Mataki na biyar: jimlar "da ... da"

Wannan shi ne babban aikin sigar, kuma a nan ake yawan faɗuwa. Hausa "da" ɗaya take sa wa ɓangarorin biyu, sai mai koyo ya ɗauka Sifaniyanci ma siga ɗaya zai sa wa duka biyun, ya ce si tendría dinero, compraría un coche. Kuskure ne a daidaitaccen harshe. Condicional ba ta zama bayan si ta sharaɗi. Wurinta ɓangaren sakamako. Ɓangaren si wata siga yake ɗauka, imperfecto de subjuntivo:

Si tuviera dinero, compraría un coche. Da ina da kuɗi, da na sayi mota.
Si vivieras en Sevilla, hablarías más rápido. Da a Sebiya kake zaune, da ka fi haka saurin magana.

Samo wannan siga ta biyu ba wuya. Ɗauki shuɗaɗɗen lokaci na "su", cire -ron, sa -ra: compraron ya zama comprara, vendieron ya zama vendiera, tuvieron ya zama tuviera, fueron ya zama fuera. Kana iya juya jimlar, sakamako ya zo gaba, compraría un coche si tuviera dinero, ma'ana ba ta motsa ba. Motar ma, coche ce a Sifaniya, carro a Kolombiya, auto a Ajantina.

Gaskiya za ka ji 'yan asalin harshen suna cewa si tendría, musamman a arewacin Sifaniya, wajajen ƙasar Bask da Nabara da La Rioja, da wasu sassan Latin Amurka. Karin harshensu ne, ba wanda zai tare su a hanya. Kai dai kada ka rubuta shi a jarrabawa.

'Yan'uwa na Nijar da Kamaru da Chadi da suka yi boko da Faransanci sun riga sun yi rabin tafiya, tunda j'achèterais da compraría ginin gida ɗaya ne, kuma malamai sun sha hana su cewa si j'aurais. Inda za su yi hattara shi ne abin da ke bin si. Faransanci si j'avais yake cewa, da shuɗaɗɗe na yau da kullum, wanda in aka kwafe shi kai tsaye zai ba da si tenía. Sifaniyancin makaranta si tuviera yake so.

Sai kuma batun lokaci. "Da ina da kuɗi da na saya" a Hausa tana iya nufin yanzu, tana iya nufin bara, zancen da ke kewaye ne yake fayyacewa. Sifaniyanci sai ya sa ka zaɓa. In abin yana iya yiwuwa, wato "in" ce ba "da" ba, babu condicional sam: si tengo dinero, compraré, in na samu kuɗi zan saya. In mafarki ne na yanzu: si tuviera, compraría. In kuwa bakin alƙalami ya riga ya bushe, irin da-na-sanin da Hausawa suka ce ƙeya ce, sai a ɗauko habría a haɗa da sigar -ado ko -ido: si hubiera tenido dinero, habría comprado el coche, da a ce ina da kuɗi a lokacin, da na sayi motar. Kafin ka fassara kowace jimlar "da", tambayi kanka, ƙofar a buɗe take ko ta rufe?

Mataki na shida: "ya ce zai"

Wannan ya fi na baya ɓoyewa, don babu "da" ko ɗaya a Hausarsa da za ta farkar da kai. Muna cewa "yana cewa zai saya", muna cewa "jiya ya ce zai saya", "zai" ɗin tana nan yadda take. A Sifaniyanci in aikatau na farko ya koma baya, na biyun ma sai ya ja da baya: dice que comprará ya zama dijo que compraría. Haka pensé que llegarías temprano, na zaci za ka iso da wuri. Prometieron que pagarían el lunes, sun yi alkawarin za su biya ranar Litinin. No sabía si aceptarían, ban san ko za su yarda ba. Ka ga si a wannan ta ƙarshen da condicional a bayanta, kuma daidai ne, domin wannan si ɗin "ko" take nufi, ba sharaɗi ba ce.

Dalilin sunan da Bello ya ba ta ke nan, abin da ke zuwa bayan abin da ya shuɗe. In ranar alkawarin ba ta zo ba tukuna, za ka ji ana cewa dijo que comprará mañana, kuma ba laifi. A hira kuma dijo que iba a comprar ta yawaita ƙwarai. Amma in Litinin ta wuce ba a biya ba, pagarían ce.

Mataki na bakwai: ladabi, shawara da ciniki

Mu ma muna da wannan salon. "Ba ni biro" da "da za ka ara mini biro" ba ɗaya ba ne, ta biyun ta bar wa mutum hanyar ƙi ba tare da kunya ba. Aikin da condicional take yi ke nan. ¿Me ayudaría? Ko za a taimaka mini? ¿Le importaría cerrar la ventana? Ko ba damuwa a rufe taga? Me gustaría hablar con el director, ina son ganin shugaban in da hali. Ka kula da gustar, abin da ake so ne yake juya shi ba mai so ba: me gustaría un café, amma me gustarían dos cafés.

A ce safiyar Lahadi ce kana El Rastro, kasuwar gwanjon Madrid da ke ci a titin Ribera de Curtidores, wanda sunansa ma na majema ne. Ka ɗaga wata rigar sanyi ta fata kana jujjuya ta.

"¿Cuánto pide por la chaqueta?" Nawa aka sa wa rigar?
"Treinta euros." Yuro talatin.
"¿Me la dejaría en veinte?" Za a bar mini ita a ashirin?
"Por veinte no se la vendería ni a mi hermano." A ashirin ko ɗan'uwana ba zan sayar wa ba.
"Pagaría veinticinco." Da dai ashirin da biyar ne, da na biya.

Dejar bari ne, kuma "bar mini" ɗin nan tamu ce sak. Pagaría kuma tayi ne da bai ɗaure ka ba, ba kamar pago ba, wadda in ka furta ta sai ka zaro kuɗi. Dubi kuma inda ƙananan kalmomin suke zama: me, la, se, lo duk gaban aikatau, no kuma gabansu duka. No lo compraría, te lo vendería. Ba a liƙa su a baya.

Sai dai kada ka cika. A mashayar kofi a Sifaniya mutane un café, por favor suke cewa, ko ponme un café, ba wanda yake jin an raina shi. Wanda ya jero desearía, wato da na so, a kan kofi ɗaya sai a ga kamar takardar neman aiki yake karantawa. Ajiye ta don baƙo, ko babba, ko ofis, ko buƙata mai nauyi.

Shawara kuwa, "da ni ne kai" tana da takwararta: yo que tú, hablaría con ella, da ni ne kai da na yi mata magana. Ana kuma cewa yo en tu lugar. Deberías descansar, ya kamata ka huta, ta fi debes descansar laushi nesa ba kusa ba.

Mataki na takwas: kintace da "wai"

In aka tambayi Bahaushe yaushe baƙon ya iso jiya, yakan ce "zai yi ƙarfe goma". Ba gobe yake nufi ba, kintace yake yi. Sifaniyanci ma yana wannan wasa, sai dai ya raba shi biyu. Kintacen yanzu da siga mai zuwa ake yi, serán las diez, yanzu zai yi ƙarfe goma. Kintacen abin da ya wuce da condicional: serían las diez cuando llegó, zai yi ƙarfe goma lokacin da ya iso. Estaría cansado, ina jin gajiya ce ta kama shi. Costaría unos cien euros, zai kai yuro ɗari a lokacin. ¿Quién llamaría a esa hora? Ko wa ya kira a wannan tsohon daren?

Na ƙarshe shi ne wanda masu bin ƙwallon Sifaniya za su fi cin karo da shi. Buɗe jaridun wasanni irin su Marca ko AS ko Mundo Deportivo lokacin cinikin 'yan wasa, za ka ga jimloli irin el club estaría interesado en el delantero, ko el jugador firmaría por tres años. Babu sharaɗi a nan, "wai" ce tsagwaronta: wai ƙungiyar tana zawarcin ɗan wasan gaban, wai zai sa hannu na shekara uku. Ana kiran ta condicional de rumor, ta jita-jita. Ɗan jarida ya faɗi magana ya kuma zare hannunsa. Masu gyaran harshe da yawa ba sa ƙaunar ta, amma ta zauna daram a jaridu. In ka ga firmaría, kada ka yi saurin kai labari majalisa cewa an saya. Jira firmó ko ha firmado, ya sa hannu.

Gwaji

Ɗauki takarda, ka zaɓi aikatau ɗaya daga kowane gida, misali trabajar, aprender da escribir, ka rubuta sigogi shida na kowanne da alamarsu, kana faɗa da ƙarfi. Na -er da -ir su za ka fi sa wa ido, don in ka manta ka datse su, sai ka faɗa wani lokacin dabam ba ka sani ba: aprendía ina koyo a da, aprendería da na koya. Bayan haka juya waɗannan biyar kafin ka leƙa amsa. Da muna da lokaci, da mun koyi Larabci. Ta ce za ta rubuto ranar Juma'a. Da ni ne ke, da ban sayar da gidan ba. Zai yi ƙarfe uku lokacin da suka kira. In na gama da wuri zan kira ka.

Ta farko: si tuviéramos tiempo, aprenderíamos árabe, ka lura tuviéramos ma tana da tata alamar a kan e. Ta biyu: dijo que escribiría el viernes, da -ir ɗinta cikakkiya, escribir sannan -ía. Ta uku: yo que tú, no vendería la casa in ba a sayar ba tukuna, no habría vendido la casa in an riga an karɓi kuɗi. Ta huɗu: serían las tres cuando llamaron. Ta biyar da gangan na sa ta, "in" ce ba "da" ba, don haka babu condicional a cikinta: si termino temprano, te llamaré.